Ciwon Hanta Ba Ya Jiran Ranar Suna

Akwai wata irin mutuwa da ta yawaita a cikinmu har mun fara sabawa da ita. Magidanci ne ɗan shekara talatin da biyar ko arba'in, yana ganiyar ƙarfinsa, ga mata ga ƙananan yara, bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Sai a ga ya fara zubewa, abinci ya fita daga ransa, in ya zauna yana dafe da haƙarƙarinsa na dama. Kafin wata biyu idanu sun koma ruwan ɗorawa, ƙafafu sun haye, ciki ya tara ruwa ya yi ƙato a jikin da ya rage fata da ƙashi. Wasu su ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Wasu su ce jifa ne, a fara zargin abokin kasuwa ko kishiyar uwa. Sai an gama zagaye sannan a kai shi babban asibiti, a ɗauki hoton cikin, likita ya ja yayansa gefe ya gaya masa dajin hanta ne, kuma ya riga ya ci wuri.

A zaman makoki za a yi ta cewa ciwon wata uku ne ya ɗauke shi. Ba haka ba ne. A yawancin irin waɗannan mace-mace ciwon ya girmi gemun mamacin, ya girmi aurensa da karatunsa. Ƙwayar cutar ta shiga jikinsa ne ranar da aka haife shi, ko yana goye a bayan mahaifiyarsa, ko yana rarrafe a tsakar gida. Ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ko a yau tana shiga jikin jariran da muke zuwa yi wa iyayensu barka.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. A wannan shekarar kaɗai ta kashe mutum wajen miliyan 1.1. Kowace shekara wasu miliyan 1.2 suna kamuwa, sama da kashi 60 cikin ɗari na waɗannan a nahiyarmu. Cikin masu ɗauke da ita kuwa, kashi 13 cikin ɗari ne kawai aka taɓa gwadawa suka san halin da suke ciki. A Nijeriya, babban binciken da aka yi a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda aka haɗa da gwajin hanta, ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna da ita, a cikin maza ma abin ya haura kashi 10. Wato a sahun masallaci mai mutum ashirin ana iya samun biyu. A wannan binciken dai, masu ƙanjamau ba su kai kashi 2 ba. Mun ji tsoron ƙanjamau har muka raɗa masa kabari-kusa, ga kuma wadda ta ninka shi saurin yaɗuwa sau 50 zuwa 100 tana zaune tare da mu, ba mai ɗaga kai ya dube ta.

Abin da ya sa nake magana a kan jarirai musamman shi ne, cutar ba ta yi wa babba da yaro hukunci ɗaya. Idan baligi mai lafiya ya kamu, sau da yawa jikinsa yana yaƙarta ya kore ta cikin 'yan watanni, waɗanda take zaunar musu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Yaron da ya kamu tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, kusan ɗaya cikin uku ko fiye ne za ta zaunar wa. Jariri kuwa, cikin goma tara za su rayu da ita har ƙarshen ransu. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwarin da za ta gane baƙuwa ce ta shigo ba, sai ta ƙyale ta ta samu wurin zama a hanta. Yaron zai taso lafiya lau, ya yi ƙiba, ya yi wayo, ya sauke Alƙur'ani, ya gama makaranta, ba zazzaɓi ba rawayar ido. Duk wannan lokacin hantar tana kumbura tana warkewa da tabo, tabo a kan tabo, har ta taurare ta motse, ko daji ya tsiro a cikinta. Kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu tun ƙuruciya wannan ne ke zama ajalinsu. Har zuwa yau ba a samu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki gaba ɗaya ba, sai dai wanda ke danne ta.

Ƙofa ta farko da take shigowa ita ce haihuwa kanta. Lokacin naƙuda jariri yana cuɗanya da jini da ruwan jikin mahaifiyarsa. Idan uwar na cikin waɗanda ƙwayar ta yi yawa a jininsu, kuma ba a ɗauki wani mataki ba, cikin jarirai goma bakwai zuwa tara za su ɗauka. Uwar ba ta sani ba, domin ita ma lafiyarta ƙalau a ido, wataƙila ita ma daga tata uwar ta gada. Shi ya sa za ka ji gida guda an rasa wa da ƙane da kawu duk da ciwon ciki iri ɗaya, a ce ai gidan ne aka sa wa hannu.

Ƙofa ta biyu kuma mu muke buɗe ta da hannunmu, cikin murna. Dubi safiyar suna a yawancin garuruwanmu. An raɗa suna, an raba goro da dabino, an yanka rago. Da hantsi wanzami ya iso, ya zauna a kan tabarma, ya kwance zabira, ya zaro aska ya wasa ta, ya jiƙa kan jaririn da ruwa a ƙoƙo ya aske shi tas. In gidan masu tsaga ne ya yi tsaga, in ba a cire beli tun kwana uku ba ya buɗe bakin yaron ya cire. Ya goge askar da tsumma, ya mayar zabira, ya karɓi ladansa, ya wuce gidan suna na gaba. Wannan ƙwaya tana iya kwana bakwai ko fiye a kan ƙarfe tana raye, a cikin busasshen jinin da ido ba ya iya gani. Tsumma ba ya kashe ta, ruwan ƙoƙo ba ya kashe ta. Askar da ta taɓa kan wani magidanci jiya a bakin kasuwa, ko ta yi wa wani tsagar ƙaho shekaranjiya, ita ce yau a fatar ɗan kwana bakwai.

Ba wanzamai nake tuhuma ba. Sana'a ce mai daraja da asali, kuma da yawansu sun koma aiki da sabuwar reza ga kowane kai. Amma nawa ne cikinmu muke tsayawa mu ga an ɓare rezar a gabanmu? Haka kaciyar gayya ta lokacin hunturu, inda ake jera yara a bi su da kayan aiki ɗaya. Haka rezar da ungozoma ta yanke cibiya da ita, da allurar huda kunnen 'ya mace, da almakashin mai yankan farce, da rezar da ke yawo daga hannu zuwa hannu a cikin gida, da sirinjin da wani mai kemis ya maimaita. Ko a wajen wasa, yaro mai ƙuraje ko miki yana iya shafa wa ɗan uwansa. Cire beli kam ya kamata a bar shi baki ɗaya, domin ban da wannan cuta yana jawo zubar jini da sandarewar jiki, kuma belin ba ya hana yaro shan nono kamar yadda ake faɗa.

Ya kamata a san kuma inda ba ta bi, don kada tsoro ya koma zalunci. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko tari da atishawa, ko cizon sauro. Uwa mai ɗauke da ita za ta shayar da ɗanta nono, ba a hana ta, muddin an yi wa yaron rigakafi.

Wannan rigakafi ba sabon abu ba ne. Likitan nan ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar a jini a shekarun 1960, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. An fara amfani da allurar tun farkon shekarun 1980. Wadda ake yi yanzu da yis ake sarrafa ta, babu jinin mutum a cikinta, babu ƙwayar cuta mai rai, saboda haka ba ta iya sa wa yaro ciwon. Wanda ya kammala ta yana samun kariya kashi 98 zuwa 100 cikin ɗari. Abin da kan biyo bayanta bai wuce ɗan ciwo a wurin allurar ko ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba.

An kuma ga aikinta da ido. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, lokacin kusan yaro ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar. Bayan shekara goma sha biyar adadin ya faɗo ƙasa da ɗaya cikin ɗari, dajin hanta a tsakanin yara ya ragu da kusan rabi. A ƙasar Sin, a 1992 kusan kashi 10 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ita, a 2014 sun koma kashi 0.32. Mai cewa waɗannan mutanen nesa ne, ga Gambiya nan a Afirka ta Yamma, masu zafin rana irin namu da noman gyaɗa irin namu. Tun 1986 suka fara yi wa jariransu, kuma binciken da aka bi waɗannan yara da shi har suka girma ya nuna kariyar ta ɗore.

Nijeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 2004. Daga 2012 aka fara Penta, allura ɗaya mai kare cututtuka biyar, ciki har da ciwon hanta da mashaƙo da tarin shiƙa da sandarewar jiki, ana yin ta yaro yana mako 6, da mako 10, da mako 14. Amma kafin waɗannan uku akwai ta farko, ta hanta zalla, wadda ake yi a cinya cikin awa 24 da haihuwa. Kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ita ce tushen maganar nan duka, kuma ita muka fi sakaci da ita. A faɗin Afirka, kashi 18 cikin ɗari kacal na jarirai ne ke samunta.

Dalilin awa 24 ba son ran likitoci ba ne. Ƙwayar da ta shiga jikin yaro a wajen haihuwa tana buƙatar lokaci kafin ta kafu a hanta. In allura ta riske ta a ranar farko, jiki yana shiryawa ya tare ta. Kowace rana da ta wuce damar tana raguwa. Idan aka jira Penta ta mako shida, yaron da ya ɗauka daga mahaifiyarsa ya riga ya ɗauka, allura ba ta fitar da abin da ya zauna. To ku auna wannan da al'adarmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 cikin ɗari ce kawai ake yi a asibiti, sauran duk a ɗaki. Mai jego ba ta fita, tana wankan jego da shan kunun kanwa. Jariri ba ya fita sai an yi suna, a wasu gidajen sai an yi arba'in. In haihuwar fari ce tana gidan iyayenta goyon ciki, miji na jin nauyin surukai, ita tana kunyar ɗan fari, ba mai iya buɗe baki ya ce a kai yaro asibiti. Sakamakon haka, askar wanzami tana riga allurar rigakafi isa jikin ɗanmu. Kunya ado ce, amma ba a nan ba.

Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu kason laifin, kuma dole a faɗa. Sau nawa ake kai jariri asibitin unguwa a ce wa mai ɗauke da shi, "Hajiya, yau ba ranar allura ba ce, ku dawo Talata"? Gaskiya ne kwalbar BCG, ta tarin fuka, wadda ke barin tambari a kafaɗa, in an haɗa ta ba ta wuce awa shida, shi ya sa ake tara yara kafin a buɗe. Amma ta hanta ba haka take ba. In an buɗe kwalbarta aka adana ta yadda ya kamata, tana kai kwana 28 ana ɗiba. Babu hujjar mayar da ɗan kwana ɗaya gida don ana jiran wasu su taru. Haka matar da ta haihu a asibiti daren Juma'a, a sallame ta Asabar da safe ba a yi wa ɗanta ba saboda mai riƙe da makullin firji ba ya zuwa aiki sai Litinin. Hukumomin lafiya na jihohi su sa wannan allura ta kasance a ɗakin haihuwa dare da rana, a hannun ungozomar da ta karɓi haihuwar.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk wata allura da aka ce kyauta ce, kuma ban raina dalilinsu ba. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu tuna abin da gudun ya jawo mana. Ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004 ta bar yara da yawa da nakasa, cutar ta tsallaka wasu ƙasashe daga wajenmu, aka kai 2020 kafin a ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta. Mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023, yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafinsu ba, kuma Penta ɗin nan ce ke kare shi. Trovan gwaji ne na sabon magani. Allurar hanta ta shekara sama da arba'in ana yi wa ɗaruruwan miliyoyin yara, a Makka da Madina da Alƙahira da Jakarta kamar yadda ake yi a Landan. Mai tsoron za ta hana haihuwa ya dubi ƙasar Sin da ta yi wa jariranta shekara da shekaru, waɗannan jariran sun girma sun hayayyafa.

Za kuma ku ji ana yaɗawa a WhatsApp cewa Amurka ma ta daina. Ga yadda abin yake: a Disambar 2025 kwamitin da ke ba gwamnatinsu shawara kan rigakafi ya ce idan an gwada uwa aka tabbatar ba ta da ƙwayar, iyaye da likitansu su zaɓi lokacin fara allurar. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ƙi amincewa da wannan, ta ci gaba da cewa a yi wa kowane jariri a ranar farko. Shi kansa kwamitin bai taɓa shawarar da ta shafi ɗan matar da ke da cutar ba, ko wadda ba a san matsayinta ba: waɗannan a yi musu nan take. To, matanmu nawa ne aka gwada? Can cutar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba kuma kusan kowace mai ciki ana gwada ta. Ko da ma'aunin nasu aka auna mu, yawancin jariranmu na cikin waɗanda ba a yi musu jinkiri.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yana farawa tun ciki yana ƙarami. Mai ciki ta je awo, ta nemi a yi mata gwajin hanta nau'in B da bakinta, in ba a yi a nan a faɗa mata inda ake yi. Ɗigon jini ne a yatsa, sakamako cikin mintoci. In ta fito da ita, ba ƙarshen duniya ba ne. Akwai ƙwayar magani mai suna Tenofovir da likita kan ɗora mai ciki a kai daga wajen wata na bakwai idan ƙwayar cutar ta yi yawa a jininta, tana rage ta sosai kafin haihuwa. Irin wannan mata ta haihu a asibiti, a yi wa ɗanta allura kafin a gama gyara ta, a kuma gwada mijinta da kishiyoyinta da sauran yaran gidan, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2024 ta haɗa da ciwon hanta, abin a yaba ne. Sai dai kada sakamakon ya zama takardar kora. Wanda ba shi da ita cikin masu neman auren zai iya yin allurarsa uku, likita ya tabbatar ta kama, a ɗaura aure, su haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Wanda kuma aka riga aka gano yana da ita, ya riƙa ganin likita ana duba hantarsa a kai a kai. Ya guji giya, ya guji masu yawo da lasifika suna sayar da ruwan jarka da alkawarin wanke hanta cikin mako biyu, domin wasu jiƙe-jiƙen su ne ke ƙarasa hantar da ta gaji. Ya kuma kula da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, da ƙuli-ƙuli da man da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Akwai guba a cikinsu mai suna aflatoksin, wadda in ta haɗu da wannan ƙwaya haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sau da yawa.

Maigida, kai nake wa magana a ƙarshe, domin a gidajenmu izinin fita a hannunka yake. Kafin ka tafi kasuwar raguna, kafin ka buga katin suna, ka tambayi asibitin da ya fi kusa da kai ko suna da allurar hanta ta ranar haihuwa. Ko a Maraɗi kake, ko Damagaram, ko zangon Kumasi, tambayar ɗaya ce. In haihuwa ta zo a gida da dare, gari na wayewa a naɗe yaron a zane, kakarsa ko gwaggonsa ta ɗauke shi, ka sa su a gaba har asibiti, mai jego ta yi zamanta a ɗaki in ba ta da ƙarfin fita. Ka ce, "Malama, daren jiya aka haife shi, allurar hanta muka zo a yi masa yau." In an ce ku dawo wata rana, ka nemi shugaban asibitin, ko ka wuce na gaba. In har an makara kwana ɗaya ya wuce, kada a ce shi ke nan, a kai shi a ranar da aka farga. Inna kaka, ke da ake jin maganarki a ɗakin jego, ki zama mai cewa a kai shi. Liman ya tambaya kafin ya raɗa suna, wanzami ya tambaya kafin ya kwance zabira: an yi wa yaron nan allurar hanta? Sannan a adana katin rigakafin, a koma mako 6, a koma mako 10, a koma mako 14, kada a tsallake ko ɗaya.